Ƙiriniya Ce ko Larura? Tsokaci a Kan Littafin Marilyn Wedge

A watan Maris na 2012 wata Ba'amurkiya mai suna Marilyn Wedge, wadda sana'arta ita ce ba iyalai shawara a jihar Kalifoniya, ta wallafa gajeriyar maƙala a shafin mujallar Psychology Today. Kan maganar kaɗai ya isa ya tsayar da mai wucewa: wai me ya sa yaran Faransa ba su da ADHD? ADHD dai suna ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka ba larurar yaron da ba ya iya tattara hankalinsa wuri guda, ba ya iya zama, kuma yakan aikata abu kafin ya yi tunani. Wedge ta ce a Amurka aƙalla kashi 9 cikin 100 na 'yan makaranta an ce suna da ita har an ɗora su a kan magani, a Faransa kuwa ba su kai rabin kashi ɗaya ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ta bayar shi ne tarbiyya. Iyayen Faransa, in ji ta, suna kafa wa yaro iyaka tun yana goye, cin abinci da lokacinsa, barci da lokacinsa, kuma idan an ce a'a to a'a ɗin ce.

Miliyoyin mutane sun karanta maƙalar. A 2015 ta faɗaɗa ta zuwa littafi mai suna A Disease Called Childhood, wato cutar da ake kira ƙuruciya. Mun ɗauko littafin ne saboda hujjarsa irin wadda ke yi wa kunnenmu daɗi ce. Duk wanda ya tashi yana jin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi zai karanta Wedge yana gyaɗa kai. Maganar da ta zo daidai da abin da muka riga muka yarda da shi kuwa, ita ta fi buƙatar a duba ta sau biyu.

Inda ta yi gaskiya

Rabin farko na hujjarta yana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina shi ba. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa a 2003 kashi 7.8 cikin 100 na yara 'yan shekara 4 zuwa 17 ne aka taɓa cewa suna da ADHD. A 2007 sun zama kashi 9.5, a 2011 sun kai kashi 11. Ƙwaƙwalwar yara ba ta sauya cikin shekara takwas ba. Abin da ya sauya yana wajen yaron.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da wannan larura. Likita yana dogara ne da bayanin iyaye da na malamai, sannan ya auna shi da jerin alamomin da ke cikin kundin DSM na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka. Kundin nan kuwa kwamiti ne ke zama ya rubuta shi, kuma an sha sauya sunan larurar da sharuɗɗanta: a 1968, a 1980, a 1987. A bugun 2013 an mayar da shekarun da ake son alamomi su fara bayyana daga kafin 7 zuwa kafin 12. Duk lokacin da aka faɗaɗa ƙofa, masu shiga sukan ƙaru. Ga kuma kamfanonin magani. Amurka da New Zealand ne kawai ƙasashen da ke barin a tallata maganin da sai likita ya rubuta kai tsaye ga jama'a. Ko Keith Conners, wanda ya ƙirƙiro takardar tambayoyin da ake auna yara da ita, a ƙarshen rayuwarsa ya fito ya ce yawan ya zama bala'i ga ƙasa.

Hujja mafi kaifi ta zo ne bayan littafin ya fita. A 2018 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken da aka yi a kan yara sama da 400,000. A jihohin da ake rufe shekarun shiga makaranta ranar 1 ga Satumba, yaron da aka haifa a Agusta shi ne ƙaramin aji, wanda aka haifa a Satumba shi ne babba. An tarar cikin kowane yara 10,000 haihuwar Agusta, kimanin 85 aka ce suna da ADHD, haihuwar Satumba kuwa kimanin 64. Tsiran kusan shekara guda a aji ɗaya ya isa ya sa a kira ƙuruciya cuta. A nan sunan littafin Wedge ya faɗa daidai.

Inda ƙafarta ta zame

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wedge ta ɗauki ƙarancin yaran da ake ba magani a Faransa ta mai da shi ƙarancin yaran da ke da matsalar. Waɗannan abubuwa biyu ne daban. Shekara guda kafin maƙalarta, a 2011, likita Michel Lecendreux da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi, inda suka tuntuɓi iyalai sama da dubu a Faransa, suka tarar tsakanin kashi 3.5 zuwa 5.6 cikin 100 na yara 'yan shekara 6 zuwa 12 suna da alamomin. Wannan bai yi nisa da kashi 5.3 da Guilherme Polanczyk ya samu a 2007 ba, lokacin da ya tattara binciken ƙasashen duniya, ya kuma nuna cewa yawancin bambancin da ake gani tsakanin ƙasashe daga hanyar ƙidaya yake fitowa. Yaran suna nan a Faransa. Abin da ya bambanta shi ne likitocin can sun daɗe suna bin mazahabar Freud, wadda ke neman tushen matsalar yaro a cikin dangantakarsa da iyayensa, kuma na tsawon shekaru sai ƙwararren likita a asibiti ne ke da ikon fara rubuta maganin. A shekarar da littafin ya fita, 2015, hukumar lafiya ta Faransa ta fitar da jagora ga likitoci a kan yadda za su gane larurar da Wedge ta ce babu ita a can.

Hoton gidan Bafaranshe da ta zana ma ba daga wani bincike mai faɗi ya fito ba. Ta jingina sosai da littafin Pamela Druckerman, 'yar jaridar Amurka da ta zauna a Faris ta rubuta abin da ta gani a gidajen maƙwabta da ƙawaye. Littafi ne mai daɗin karatu, amma unguwa ɗaya ta masu hali ba ita ce Faransa ba.

Haka nan labaran yaran da Wedge ta kawo daga ofishinta. Ginin su kusan iri ɗaya ne: an kawo yaro da suna a wuyansa, an bincika an gano damuwa a gida ko a makaranta, iyaye sun gyara, yaro ya daidaita. Ba mu ce ba su faru ba. Sai dai mai ba da labarin ita ce mai maganin, kuma ita ta zaɓi waɗanda za mu ji. Iyalin da suka bi shawara sau da ƙafa amma yaronsu bai sauya ba, ba su da babi a irin wannan littafi. Su ne kuwa za su rufe shi suna tambayar kansu inda suka gaza.

Tsohuwar tambaya: laifin wa?

A ganinmu wannan ne ainihin abin da ake ja-in-ja a kansa, ko da ba a faɗa ba. Muhawarar ta girmi Wedge da DSM duka. A 1845 wani likita a birnin Frankfurt na Jamus, Heinrich Hoffmann, ya buga littafin yara mai hotuna, Struwwelpeter, wanda ya fara shirya wa ɗansa. A ciki akwai labarin Philipp, yaron da ya kasa zama a teburin cin abinci, yana lilo da kujera uban na yi masa faɗa, har ya kifa ya jawo mayafin tebur da kwanukan abinci ƙasa. Hoffmann ya rubuta shi ne a matsayin gargaɗi ga yara marasa ji. Yau Jamusawa da sunan wannan yaro suke yi wa larurar laƙabi. Labari ɗaya ne, ƙarni ɗaya ya karanta shi a matsayin rashin kunya, wani ƙarnin ya karanta shi a matsayin ciwo.

A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan a kan yaran da ya ce suna da naƙasu wajen riƙe kai. Abin da ya ja hankalinsa shi ne hankalinsu lafiya lau, wasunsu daga gidajen tarbiyya suka fito, kuma horo ba ya tasiri a kansu. Tun wancan lokaci aka lura da abin da littafin Wedge ya ƙi tsayawa a kai: akwai yaron da aka ba duk tarbiyyar da aka ba 'yan'uwansa, su suka miƙe, shi ya kasa. Binciken da aka yi ta yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da kaso mai yawa a cikin wannan hali, sama da kashi 70 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara.

Akwai kuma batun wane ne ya fara. Idan aka ga uwa mai yawan tsawa da yaro mai yawan ɓarna, nan take sai a ce tsawar ce ta lalata shi. A ƙarshen shekarun 1970 Russell Barkley da Charles Cunningham sun gwada abin ta ɗaya ɓangaren. Da aka ba yaran magani suka ɗan natsu, sai iyayensu mata suka rage umarni da faɗa da kansu, ba tare da kowa ya koya musu ba. Ashe ɗan kuka ne ke jawo wa uwarsa jifa. Amurka ta taɓa yin wannan kuskure da yara masu larurar autizim, lokacin da Bruno Bettelheim ya yaɗa cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo ta. An ɗauki shekaru kafin a janye maganar, bayan iyaye mata da yawa sun sha baƙin ciki a banza.

Saboda haka iyaye da yawa ke rungumar sunan da likita ya bayar. Sunan yana sauke laifi daga kan yaro, yana sauke shi daga kan uwa. Haɗarinsa shi ne yana iya sauke shi daga kan kowa da kowa, har ajin da ya cika maƙil, har makarantar da ta rage lokacin wasa, har gidan da ake rigima kullum. Wedge ta ga wannan haɗari da kyau. Maganin da ta kawo shi ne ta ɗauko kayan ta mayar kan iyaye.

Abin da ɓangarorin biyu ba sa son ji

Mai karanta littafin zai ɗauka likitoci ba su san komai ba sai ƙwaya. Ba haka ba ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ga yaro ɗan shekara 4 zuwa 5, matakin farko shi ne a horar da iyaye yadda za su tafiyar da shi: doka kaɗan kuma bayyananniya, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, yabo nan take idan ya yi daidai, hukunci mai sauƙi wanda ba ya sauyawa da yanayin fushin uba. Wannan kusan shi ne tsarin da Wedge ke yabawa a Faransa. Kuma babban gwajin da aka yi a kan yara 579, wanda sakamakonsa ya fito a 1999, ya nuna magani ya fi rage alamomi a cikin wata 14 na farko, amma da aka koma bayan shekara uku ratar ta dushe. Mai cewa ƙwaya ce kaɗai mafita bai samu abin da yake so ba, mai cewa ƙwaya yaudara ce shi ma haka.

A nan ne ya kamata mu yi hattara da yadda hujjar Wedge za ta sauka a kunnenmu. Amurka tana fama da yawan laƙaba suna. Mu namu ƙarancin masu dubawa ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau da Barnawa da Kware ba nan ake tunanin kai yaro mai ƙiriniya ba, kuma sunayen da muke da su a shirye su ne marar ji, mai taurin kai, daƙiƙi. Wanda ya ɗauko gargaɗin da aka rubuta don Amurka ya kawo shi nan, ya zo da maganin cutar da ba ita ke damun mu ba. Sannan idan an ce tarbiyya, da yawanmu bulala muke ji. Wedge kanta ta ce ba ta goyon bayan dukan yara, Faransar da take misali da ita ta haramta shi a 2019, kuma nazarin da Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka buga a 2016, wanda ya haɗa yara sama da 160,000, bai samu alamar cewa duka na gyara hali ba. Yaron da matsalarsa ita ce ya kasa tsayawa ya yi tunani kafin ya aikata, tsoron bulalar jiya ba ya zuwar masa a kan lokaci. Gobe zai sake, a sake dukansa, har ya yarda cewa shi ɗin lalatacce ne.

Littafin ya cancanci karatu saboda tambayoyin da yake sa a yi kafin a miƙa hannu ga magani. Shekarun yaron nawa idan aka kwatanta da 'yan ajinsa? Yana samun barci? Yana gani, yana ji da kyau? Me ke faruwa a gida? Halin nan a ko'ina yake yin sa, ko a gaban mutum ɗaya ne kawai? Kundin DSM ɗin da take suka ma ya shardanta sai alamomin sun kai wata shida, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kuma suna cutar da rayuwar yaron. Sai dai Wedge ta yi tambayoyin ne tana riƙe da amsarta tun kafin ta fara. Mu ɗauki tambayoyin, mu bar mata amsar. Idan an bi su ɗaya bayan ɗaya aka gyara abin gyarawa, yara da yawa za su daidaita. Wanda ya rage yana fama bayan duk wannan, a kai shi wurin wanda ya san aikin, kuma a daina tambayar uwarsa inda ta yi sakaci.