WAI INA ZA A JE DA WANNAN GUDUN?

Yau magana ta faɗo kan manya-manyan mashinan nan da samarinmu 'ya'yan masu hali suke yayi, waɗanda in sun taso tun daga nesa sai ka ji kamar hadari ne ya gangamo, yaro na goye ya firgita, tsohuwa ta hau salati. Na san wasu za su ce ina ruwan mace da zancen inji. To da ruwanmu mana, tunda in abin ya faru mu ne masu zaman jinya a Asibitin Ƙashi na Dala, mu ne kuma masu takaba.

Ku duba Boxer ɗin da talaka yake hawa. Injinsa cc 100 ne, ƙarfinsa bai wuce na doki takwas ba, amma shi ke ɗaukar maigida da uwargida da buhun masara ya kai su ƙauye ya dawo. Super Cub na Honda kuwa, tun 1958 ake ƙera shi, zuwa 2017 an yi sama da miliyan 100, duk da ƙanƙantarsa.

To sai ga Suzuki a 1999 ta fito da Hayabusa, cc 1,299, ƙarfin doki sama da 170, gudunsa ya haura kilomita 300 a awa. Sunan ma na wani irin shaho ne da Japananci, wai don ya kama Blackbird na Honda, wato baƙin tsuntsu. Kun ji fa, tun daga suna ana gaya maka gasa ce tsakanin kamfanoni, ba don kai mai zuwa kasuwar Kwari aka yi shi ba. Su kansu masu ƙerawar da suka ga hukumomin Turai sun fara harara, sai suka yi yarjejeniya tsakaninsu cewa kada a ƙara wuce 300. Faransa ta shafe shekaru kusan talatin tana hana babur ya wuce ƙarfin doki 100, sai a 2016 ta janye dokar. Kuma a Turai sabon mahayi matashi ba ya fara da babban inji, sai ya bi mataki-mataki. Mu nan fa? Kuɗinka ne lasisinka.

Ban ce babban inji ba shi da rana ba. Mai tafiya Kano zuwa Abuja yana son abin da ba zai yi ta kuka yana zafi ba, wanda zai wuce tirela da sauri, mai birki nagari. Amma wallahi cc 400 ko 500 ya ishe shi har da ragi. Sauran ƙarfin ina za a kai shi? A cikin gari doka kilomita 50 ta ce, kuma Hayabusa tun a giyar farko ya ninka wannan. Ga rami, ga akuya, ga almajiri zai tsallaka, ga mai adaidaita da ke juyawa ba sigina. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai sau huɗu yake ninkuwa, kuma wannan lissafin bai san ɗan wane ba. A Disambar 2017 ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya faɗi da irin wannan mashin a Gwarimpa, ya karye, ya bugu a ka. Allah Ya sa da sauran kwana, kuma akwai halin fita da shi waje. Ɗan makwabcinki fa?

Mu da a 2009 aka ce a sa hular kwano, wasu suka kifa ƙwarya a ka!

Abin da ya fi ba ni haushi ma, duk tsadarsa ba ya aikin gida. Nauyinsa ya kai kilo 250, in ya kwanta sai an taru a tayar. Mazaunin baya ɗan mitsitsi ne a can sama kamar an ɗora faifai, mace mai zani da hijabi ba ta da yadda za ta zauna, balle a ce za a ɗaure kwandon cefane.