Awon Fahimtar Ɗaliban Hausa: Sharhi a kan Rinjayen Alƙalami a kan Baki

1.0 Gabatarwa

Tun a shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa a riƙa auna ɗalibi a kai a kai cikin zangon karatu, maimakon a jingina makomarsa ga jarrabawa guda ta ƙarshen shekara. An sake nanata wannan a bugun 1981, sa'annan tsarin 6-3-3-4 ya shigo da shi ajujuwa. A wannan takarda za mu kira shi awon bi-da-bi. Manufarmu ita ce mu duba yadda malaman Hausa suke aiwatar da shi, musamman inda ake koyar da Hausa a matsayin harshe na biyu, mu kuma nuna cewa abin da ake aunawa ya yi hannun riga da abin da ake da'awar koyarwa.

2.0 Abin da Takarda ba ta Ji

A jami'o'inmu akan ware wa awon bi-da-bi maki 30 ko 40 cikin ɗari. Sai dai a aikace malami kan jira har zango ya kusa ƙarewa, ya yi gwaji ɗaya a rubuce, ya ba da jinga ɗaya, ya haɗa makin. Wato ƙaramar jarrabawa ce aka yi kafin babba, kuma dukkansu da alƙalami. A wasu fannonin illar ba ta da yawa. A fannin Hausa kuwa babba ce, saboda yanayin rubutun harshen kansa.

Sanin kowa ne cewa daidaitaccen rubutun Hausa, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa na Yamai na 1980, bai tilasta nuna karin sauti ko tsawon wasali ba. Idan ɗalibi ya rubuta "gari", takarda ba ta faɗa mana ko gàrii yake nufi, inda mutane ke zaune, ko gàarii na tuwo. Haka "fari" ya tattara farii na launi da farìi na rashin ruwan sama da faarìi na soma abu. Abin ya fi tsanani a nahawu, domin "ya tafi" jumla uku ce a baki: yaa tàfi mai ba da labari, da yà tàfi mai umarni ko fata, da ya tàfi ta cikin jumlar dogarau. Bahaushe yana warware waɗannan da kunnensa ba tare da ya san ya yi ba. Mai koyon Hausa a Ibadan ko Nsukka ba shi da wannan gata. Yana iya rubuta jumlar daidai, ya ci cikakken maki, alhali in ya buɗe baki a kasuwar Sabo ba za a gane wanne yake nufi ba.

Abin lura a nan shi ne ɗalibi Bayarabe ba baƙo ba ne ga karin sauti, domin rubutun harshensa yana nuna shi da alamomi. Inda ya fi tuntuɓe shi ne baƙaƙe masu ƙugiya: kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka. Na sha ganin ɗalibin da bai taɓa mance ƙugiya a takarda ba, don ya haddace siffar kalmar, amma a furucinsa duk ɗaya ne. Makin da muka ba shi na haddar ido ne.

Jarrabawar kammala sakandare ma ba ta taimaka ba. Mai ɗaukar Faransanci yana zama gaban mai jarrabawa ya yi magana. Mai ɗaukar Hausa kuwa a rubuce yake amsa tambayoyin tsarin sauti. Malami kuma, kamar kowane mai sana'a, abin da za a tambaya shi yake koyarwa.

3.0 Adabin Baka cikin Tambayoyin Zaɓi

A nan ne abin ya fi ban takaici. Waƙar baka aba ce ta murya da kiɗa da amshi da 'yan kallo. Binciken Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 a kan Mamman Shata ya ginu ne a kan matsayin mawaƙi cikin jama'arsa, haka kuma Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau ya sa kiɗa da rerawa cikin abubuwan da mai nazari zai duba. Amma me muke tambayar ɗalibi? Garin da aka haifi Shata, da sunan abin kiɗan Narambaɗa, kowanne da amsoshi huɗu ya zaɓi ɗaya. Wanda ya san cewa Musawa ce, ya san kotso ne, ya ci, ko da bai taɓa jin muryar ɗayansu ba. Da za a kunna masa ɗa guda na waƙa a ce ya nuna inda jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa, ko ya bambanta zambo da habaici daga yadda aka rera, da an san ko ya fahimta. Tambayar zaɓi tana da amfaninta wajen ƙa'idojin rubutu da sauƙin dubawa, ba mu musa ba. Iyakarta ke nan.

4.0 Darasi daga Makarantar Allo

Ba sai mun yi nisan kiwo ba wajen neman madadi. Malamin allo ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya biya masa karatun da baki, ya ji, ya gyara. Tilawa kuma tana dawo da shi ga abin da ya wuce don kada ya zube. Wannan awo yana da siffofi biyu da namu ya rasa: gyara yana zuwa nan take, kuma sakamakonsa shi ke yanke ko a ci gaba ko a maimaita. Makin da ɗalibinmu zai gani a allon sanarwa bayan zango ya ƙare bai gyara masa ko wasali ɗaya ba. Ba muna cewa a mai da ajin Hausa wurin hadda ba. Tsarin sauraren muke so a ara.

Za a ce ɗalibai sun yi yawa. Gaskiya ne, amma a yi lissafi. Aji mai ɗalibai 60, in aka ba kowa minti biyar ya karanta ɗan sakin layi, ya furta tagwayen kalmomi goma, ya amsa tambaya biyu, sa'o'i biyar ke nan a zango, waɗanda za a iya rabawa cikin makonni. Duban jingar da rabin aji suka kwafa daga juna yana cin fiye da haka. Wayar hannu kuma ta ɗauke wahalar da rikoda da kaset suke jawowa a da, domin ɗalibi yana iya naɗar muryarsa ya aiko, malami ya adana ta a matsayin shaida idan aka yi gardamar maki.

Sauran matsalar ita ce ta karin harshe. Basakkwace da ya ce hwarii bai yi kuskuren furuci ba, don haka wajibi ne sashe ya rubuta ma'auninsa tun kafin a fara, ya bayyana inda ake neman daidaitacciyar Hausa da inda aka yarda da karin ɗalibi, a kuma sa malamai biyu su saurari kaso ɗaya na muryoyin don a ga ko makinsu ya yi kusa da juna.