Sharhi a kan Yadda Ake Koyar da "Futur Antérieur" na Faransanci ga Ɗalibai Hausawa a Ƙasar Gesheme

1. Gabatarwa

Gesheme gari ne na Arawa a cikin Dallol Mauri, jihar Doso. A da yana ƙarƙashin Dogon Dutsi, amma tun shekarar 2011 ya koma ƙarƙashin sabuwar gundumar Tibiri. Yaron wannan ƙasa da Hausa yake tashi, sai ya shiga lakwal sannan ya gamu da Faransanci. Daga cikin darussan da ke ba shi wuya a manyan azuzuwan firamare akwai sarrafa aikatau a lokacin da Faransawa ke kira "futur antérieur", wato aikin da zai riga ya kammala kafin wani lokaci da ke tafe. Wannan takarda za ta duba hanyar da aka saba bi wajen koyar da shi, ta nuna inda ta gaza, sannan ta kawo shawarwari ga manazarta da masu tsara shirin yaƙi da jahilci.

2. Ginin wannan lokaci a Faransanci

Kalmomi biyu ke haɗuwa su ba da shi: aikatau mataimaki, avoir ko être, wanda aka sa a lokaci mai zuwa, sai siffar aiki kammalalle da ake kira "participe passé". Misali:

(1) j'aurai fini, tu auras fini, il aura fini, nous aurons fini, vous aurez fini, ils auront fini

(2) je serai parti, elle sera partie, ils seront partis, elles seront parties

Yawancin aikatau avoir suke ɗauka. Être kuwa na ƴan kaɗan ne masu nuna motsi ko sauyin hali, irin su aller, venir, arriver, partir, naître da mourir, tare da duk aikatau masu komawa kan mai aikin, kamar elle se sera levée. Idan être ne mataimaki, kamar a misali na (2), siffar tana bin aikau a jinsi da adadi. Idan avoir ne, ba ta sauyawa sai karɓau ya gabace ta, kamar les lettres que j'aurai écrites.

Duk wannan yana cikin littafin Bescherelle, wanda kamfanin Hatier ke bugawa, kuma malamai suka daɗe suna dogara da shi. Jadawalinsa daidai yake, ba a kama shi da kuskure ba. Sai dai an tsara shi ne domin yaron da ya riga ya ji wannan lokaci a bakin iyayensa, abin da ya rage masa kawai shi ne rubutu. Yaron Gesheme kuwa yakan haddace layukan nan shida kamar karatun allo ba tare da an gaya masa wurin da ake amfani da su ba.

3. Inda fassara ke ɓatar da ɗalibi

Idan malami ya so ya taimaka da Hausa, yakan fassara j'aurai fini da ɗayan biyu: "zan gama" ko "zan kasance na gama". Ta farko kuskure ce, domin ita ce fassarar je finirai, saboda haka ta shafe bambancin da darasin ya zo ya koyar. Ta biyu tana kusa da ma'ana, amma Hausar ofis ce da aka ƙera bisa ƙirar Turanci, ba ta cikin zancen gona da kasuwa. Mu duba yadda Bahaushe ke faɗin abin da kansa:

(3) Gobe warhaka sun isa Doso.
Demain à cette heure-ci, ils seront arrivés à Dosso.

(4) Kafin ka dawo mun gama girbi.
Avant ton retour, nous aurons fini la récolte.

(5) In baƙi sun ci abinci, za mu tafi.
Quand les invités auront mangé, nous partirons.

A cikin jimlolin nan uku babu "za" a gaban aikin da ya kammala. "Sun" da "mun" ne suka ɗauki nauyin, su kuwa "gobe warhaka", "kafin" da "in" suka tura maganar gaba. Haka abin yake a korewa: "gobe warhaka ba su isa ba tukuna" shi ne ils ne seront pas encore arrivés. Ashe dai ɗalibi yana da ma'anar a bakinsa tun kafin ya ga allon lakwal.

Me ya hana malamai ganin wannan? A ra'ayinmu sunan da littattafan nahawun Hausa suka ba "sun" da "suka" yana da hannu a ciki. Ana kiran su shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu. Wanda ya koyi cewa "sun" na jiya ne, da wuya ya yarda ya sa shi a gefen wani abu mai suna "futur". Alhali kuwa Claude Gouffé, wanda ya yi nazarin Hausar Dogon Dutsi, ya tattauna tun shekarun 1960 cewa tsarin aikatau na Hausa ya fi karkata ga yanayin aiki, ko ya kammala ko yana ci. Paul Newman ma a babban nahawunsa na shekarar 2000 da kammalar aiki ya laƙaba wa wannan siga suna. Abin da "sun" ke nunawa shi ne aiki ya ƙare a daidai lokacin da ake magana a kansa, jiya ne ko baɗi.

4. Matsalar "in"

Wuri na biyu da jadawali ba ya taimako shi ne bayan kalmomin haɗi. Faransanci yana sa wannan lokaci bayan quand, lorsque, dès que da une fois que, amma ya hana shi bayan si ta sharaɗi. Hausa kuwa da "in" ko "idan" take ɗaukar ma'anonin biyu:

(6) In kun biya bashin, za a ba ku taki.

Wannan jimla tana iya zama quand vous aurez remboursé, wato biyan tabbas ne, lokacinsa ake jira. Tana kuma iya zama si vous remboursez, wato biyan sharaɗi ne, zai yiwu a yi, zai yiwu a fasa. Ɗalibin da aka ce masa "in" ita ce si, sai ya rubuta si vous aurez remboursé, a ja masa jan biro, bai san laifinsa ba.

Abin ya wuce makin jarrabawa. Sakataren ƙungiyar manoma wanda ke karanta wa jama'a takardar rance ta Faransanci, idan ya kasa rarrabe alkawari da sharaɗi, yana iya sa mutane su jira abin da ba a yi musu alkawarinsa ba. Hausa tana da abin da za ta raba su: "da zarar" da "bayan" na lokaci ne, "in har" da "muddin" na sharaɗi. Su ya kamata a yi amfani da su a cikin littattafan manya.

5. Amfani na zato da matsalar sauti

Akwai wani amfani da jadawali ba ya iya nunawa sam:

(7) Il n'est pas venu. Il aura oublié.
Bai zo ba. Wataƙila ya manta.

A nan babu wani lokaci mai zuwa, zato ne a kan abin da ya riga ya faru, kuma Hausa ta sake amfani da sigar kammala tare da "wataƙila". Wanda ya fassara shi da "zai manta" ya juya maganar gaba ɗaya.

Ta fuskar rubutu kuma, auras da aura sauti ɗaya ne, haka aurons da auront, sannan masu magana da yawa ba sa bambanta j'aurai da j'aurais. Rera jadawali da baki ba ya warware wannan, sai rubuta cikakkun jimloli.

6. Shawarwari

Na farko, a fara darasin daga jimlolin Hausa irin na (3) zuwa (5), ɗalibai su kawo nasu a kan shuka, girbi da tafiya kasuwa, sannan a kawo Faransanci. Jadawali ya zo a ƙarshe.

Na biyu, a yi misalan farko da jam'i. Rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali, don haka "ya" mai dogon wasali da "ya" mai gajere kamanninsu ɗaya ne a takarda, amma "sun" da "suka" ba su ɓoyuwa.

Na uku, a kula da karin harshe. A Hausar yamma, wadda ta Arewa ke cikinta, "munka" da "sunka" ake cewa a maimakon "muka" da "suka". Littafin malami ya kamata ya kawo su gefe da gefe, kada yaro ya ɗauka maganar gidansu kuskure ce.

Na huɗu, masana su sake duba sunan "shuɗaɗɗen lokaci". "Sigar kammala" ta fi dacewa da aikin da take yi.

7. Kammalawa

Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida a Damagaram a shekarar 1973, aka kafa cibiyar INDRAP a 1974, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, sannan kundin mulki na watan Maris 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ke nan yaron Gesheme zai ci gaba da buƙatar harsunan biyu. Abin da ya rage ga manazarta shi ne su samar wa malamin ƙauye ƙaramin nahawun kwatance, wanda zai ɗauki lokutan Faransanci ɗaya bayan ɗaya ya ajiye kowanne kusa da jimlar Hausar da mutane ke faɗa.