Gayya a Bakin Kanal: Abin da Noman Rani Ya Ƙwace da Abin da Ya Kawo

Wanda ya bi titin Zariya daga Kano a watan Janairu, da ya kai Kura zai ga abin da kakanninmu ba su saba gani ba: ƙasa kore shar a tsakiyar hunturu, alkama a nan, tumatir a can, albasa da masara, mutane sun duƙufa ba ji ba gani. Daga nan har Bunkure da Kadawa da Garun Malam, babu watan da gona take zama babu kowa. Amma in ka tsaya ka kasa kunne, ƙarar injin ban-ruwa za ka ji, da ta babur, da muryar mai gona yana ciniki da 'yan jinga. Gangar noma ce ba ka ji. Gayya ta ja da baya a daidai inda noma ya fi bunƙasa, kuma masu cewa zumunci ne ya yi ƙaranci sun taƙaita zancen ƙwarai.

Sai mu fara da yadda ake yin ta. Mai gona ba ya bin gida-gida yana roƙo. Goro yake kai wa sarkin noma ko sarkin samari, a tsai da rana, a gaya wa makaɗi. Ranar da aka sa, tun sanyin safiya samari suke hallara, kowa da garmarsa ko fartanyarsa a kafaɗa, a jeru a gefen gona, kowa ya kama kunyarsa. Da ganga ta tashi sai a sunkuya. Makaɗi yana biye da su, yana kiran sunan wanda ya wuce gaba, ya ambaci ubansa da kakansa, ya yi wa wanda aka bari a baya zambo. Wanda aka wasa yakan miƙe ya ɗaga garma sama, ya yi kirari, ya sake dannawa. 'Yanmata na gefe da ƙoren fura, ana guɗa, wata ta fito ta share wa gwaninta gumi da ɗankwali. Kafin azahar gonar da za ta ci mutum ɗaya mako biyu ta ƙare, a zauna a inuwa a ci tuwo, a raba goro, a watse.

Mai kallo daga nesa zai ce aikin sa-kai ne. Ni ban ɗauke ta haka ba. Gayya bashi ce, sai dai ba a rubuta ta a takarda. Wanda ka yi wa huɗa yau, shi zai zo maka maimai gobe, in kuwa ya noƙe, gari duka ya sani, ranar da ya kai nasa goron zai ga fili fayau. Akwai wadda ake yi don Allah, ga mara lafiya, ga matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ga malamin da ke karantar da yaran unguwa. Akwai ta surukai, inda saurayi yake tattaro abokansa su je gonar uban budurwa, a ga ƙarfinsa, a kuma ga yawan mutanensa. Ko waɗannan ma ba a banza suke tafiya ba. Ladan da ake biya a take shi ne suna, kuma makaɗi ne mai biya. Shi ya sa manoma suke da mawaƙansu kamar yadda 'yan dambe suke da nasu, har mutum ɗaya irin Ɗan Anace ya yi fice a fagagen biyu. A ƙasar Maraɗi, sarautar noma sai wanda ya tara dami dubu ya yi bikinsa ya ciyar da jama'a yake samun ta, al'adar da masanin nan na Faransa, Guy Nicolas, ya yi rubutu a kanta. Noma abin alfahari ne da ake yi a bainar jama'a, gayya kuwa ita ce dandalinsa.

Kada ƙaunar abin ta rufe mana ido. Gayya ba ta taɓa daidaita mai shi da mara shi ba. Tuwon mutum arba'in da fura da goro da sallamar makaɗi ba kowa ke iya su ba, saboda haka mai rumbu cike ya fi kowa samun ta. Wadda ake yi a gandun sarki ko na hakimi kuma sau da yawa sunanta kawai gayya, wanda ya ƙi zuwa ya san abin da zai biyo baya. Mai bincike Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna yadda talaka yake barin gonarsa ciyawa na cinye ta, ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya sami abin da za a ci a ranar. Ke nan tun kafin ruwan madatsar Tiga ya iso Kura, kuɗi ya riga ya fara shiga tsakanin maƙwabci da maƙwabci.

Sai dai noman rani na zamani ya hanzarta abin matuƙa. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, a shekarun da fari ya addabi Arewa da ƙasashen Sahel. Aka fara gwaji a Kadawa, da shawarar injiniyoyin NEDECO na ƙasar Holan, aka tsara kashi na farko na aikin ban-ruwan a kan hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun tarayya. Ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rarrabu a ƙanana har ya iso bakin gona. Aka karɓi gonaki, aka baje su, aka yanka su a kan layi, aka mayar wa masu su bayan an cire abin da kanal da hanya suka ci.

Abin da ya fara mutuwa shi ne lokaci. Gayya tana rayuwa ne a kan cewa yau taka, gobe tawa. Gero da dawa suna da haƙuri, in ciyawa ta ƙara kwana uku ba a yi asara ba. Dashen shinkafa ba haka yake ba: iri ya isa cira, ruwa ya shigo layinku, kai da maƙwabtanka goma duk a mako guda kuke neman hannu. Tumatir ya fi tsanani. In ya nuna yau, gobe dole ya kasance a kwando a kasuwar Kwanar Gafan, jibi ya ruɓe. Ba wanda zai bar nasa ya zo naka. Sannan amfanin kansa ya sauya matsayi. Mutum yakan zub da gumi a gonar ɗan'uwansa da daɗin rai in ya san hatsin rumbu za shi, yara za su ci. In ya san a mota za a loda a kai Legas, kuɗin ya shiga aljihun mutum ɗaya, to me zai hana ya ce a biya shi? Ban ga laifinsa ba.

Maƙwabcin ma ya canja. Gonar da ke jikin taka wataƙila haya aka bayar ga wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa daga birni, wanda yake zuwa ranar Asabar ya duba ya koma. Ba ka da bashin gumi a kansa, ba shi da shi a kanka. 'Yan ci-rani sun zo daga nesa suna neman jinga. Tarakta ta karɓi huɗa, maganin feshi ya karɓi noman ciyawa, wato ayyukan nan biyu da aka fi kiran gayya dominsu. Rani kuma, wanda a da shi ne lokacin hutawa da kalankuwa da dambe da kokawa da bukukuwan aure, inda samari suke ƙulla abotar da za ta fito gona da damina, ya zama lokacin da aka fi kowane aiki.

A ƙasashen da noman hannu ya ɓace ƙurmus, sun samo wata dabara. A Sitokholm ta ƙasar Suwidin, Artur Hazelius ya buɗe Skansen a 1891, ya kwaso tsofaffin gidajen ƙauye ya sake kafa su a fili guda. A jihar Iowa ta Amurka akwai Living History Farms tun 1970, inda ake noma da shanu da dawakai kamar yadda ake yi a 1850 da 1900, masu aikin sa-kai suna sa tufafin da, yaran makaranta suna zuwa kallo, ana shirya ranakun girbi da sussuka. Wani zai ce mu ma mu ware fili a Kadawa mu yi haka. Wani ɓangare na shawarar ina goyon bayansa da zuciya ɗaya. Yaron da aka haifa a Bunkure yau zai iya girma bai taɓa ganin jigo yana ɗebo ruwa a fadama ba, bai riƙe sungumi ba, bai san yadda ake ɗaura jinka a kan rumbu ba. Ajiye kayan a bayan gilashi, irin na gidan tarihi na Gidan Makama, yana da amfani, amma ganin su a hannun dattijon da ya iya su ya fi. Kuma dattawan suna ƙarewa.

Gayya kanta ce ba za ta shiga irin wannan fili ba. Muna ganin yadda take komawa a ranakun al'adu na makarantu: yara sun ɗaura walki, suna sassaran filin ƙwallo da fartanya, ana kiɗa, ana tafi. Sigar tana nan, amma babu gonar da za ta lalace in ba a zo ba, babu bashin da aka ci, babu wanda za a kunyata. A Amurka manoma ba su kai kashi 2 cikin 100 na ma'aikata ba, don haka dole su yi wa 'ya'yansu kwaikwayo. Mu a Kura noma bai zama tarihi ba, kuma akwai aiki na gaske da ke jiran taron hannu.

Wannan aiki shi ne kanal. Ruwan da ya raba mutane a gona, shi ya ɗaure su a magudana. Laka tana taruwa, kacala da sauran ciyayi suna toshe hanya, gefe yana zaizayewa, wani ya fasa da dare ya ja ruwa gonarsa. Ba mai kuɗin da zai yashe gaban gonarsa kaɗai ya ce ya tsira, domin in sama ta toshe ba abin da zai iso shi. Shekara da shekaru ana jiran hukuma, ruwa yana ta raguwa ga na ƙarshen layi. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, na kimanin dala miliyan 495 domin manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa, ya gyara kanal a wannan yanki, ya kuma dogara ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙa kula da ƙananan magudanai da kansu.

Ka je ranar yasa ka gani. An rufe ƙofar ruwa, kanal ya tsane sai taɓo. Mutane sun naɗe wando zuwa gwiwa, wani da shebur, wani da adda, wani da lauje, ana cillo baƙar laka gefe, ana tumɓuke kacala da saiwarta, in ba haka ba ta sake tofowa. Shugaban ƙungiya yana tsaye da littafi yana duba wanda ya zo da wanda ya aiko yaro. Gayya ce wannan, ko da ba a kira ta da sunan ba. Amma an ɗauki rabinta an bar rabi. An ɗauki tilas ɗin, wato tara ga wanda bai zo ba. An bar yabon. Ba mai kiran sunan wanda ya fi kowa shiga taɓo, ba tuwo, ba taron da yaro zai yi marmarin ya girma ya shiga. Aikin da tara kaɗai ke riƙe da shi, da shugaba ya yi sanyi sai ya watse.

Akwai kuma matsalar da tsohuwar gayya ba ta san ta ba. A can bashi yana zagayowa, kowa ranarsa za ta zo. A kanal ruwa hanya ɗaya yake bi. Na farkon layi yana samun ruwa ko an yashe ko ba a yashe ba, na ƙarshe shi ne kullum mai buƙata, shi ne kuma mai ƙaramar murya. Tara ba ta isa ta sa na sama ya damu da na ƙasa ba. Abin da yake iya wannan shi ne abin da ganga take yi a da: a sa mutum ya ji idon gari yana kansa. Sarakunan noma suna nan a garuruwa da dama, sarautar ta koma ta naɗi da rawani, ga aikin da zai dawo mata da ma'ana. Matan Kura da suka riƙe sana'ar turara shinkafa, da ruwan nan suke ci, bai kamata a ce ba su da wuri a ranar da ake gyara shi ba. Inda malamai ba su yarda da kiɗa da cuɗanyar samari da 'yanmata ba, ba sai an yi jayayya ba. Sanƙira ya isa, ko liman ya karanta sunayen waɗanda suka fito bayan sallar Juma'a. Abin nema shi ne a faɗi suna a gaban mutane.

Sharaɗi ɗaya ne zan dage a kansa, saboda mun ga yadda gandun sarki ya ci sunan gayya. Ƙaramin kanal da ke ratsa gonaki na manoma ne, su ya kamata su yashe shi. Babban kanal, da ƙofofin ruwa, da tafkunan da ke tara ruwan dare, aikin injina ne da injiniyoyi, kuma dominsu manomi yake biyan kuɗin ruwa. Ranar da aka fara kiran talakawa da shebur su yi abin da aka karɓi kuɗinsu don a yi, ƙungiyoyin su ƙi, su nemi a nuna musu inda kuɗin ya shiga.