Manga a Ma'aunin Nazari: Littattafai Uku da Suka Cancanci Karatu

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga Kasuwar Wuse a Abuja zai iya cin karo da matashi a bakin shago ya duƙufa kan wayarsa yana bin wani labari mai zane-zane. Sau da yawa abin da yake karantawa shi ne manga, wato ƙagaggen labarin Japan da ake bayarwa ta hanyar zane da 'yan kalmomi, wanda Osamu Tezuka (1928-1989) ya yi fice wajen bunƙasa shi. Ana karanta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami. Manya na kallonsa a matsayin shiririta, yara kuwa na haɗiye duk wanda suka samu. A ganinmu duka biyun akwai kuskure, domin manga adabi ne, kuma ma'aunin jigo da salo da zubi zai iya tace shi.

Jarunta

A wannan fanni mun zaɓi Fullmetal Alchemist na marubuciya Hiromu Arakawa, wanda ya fito daga 2001 zuwa 2010 cikin juzu'i 27. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne, Edward da Alphonse, da suka yi yunƙurin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu. Ba su yi nasara ba: babban ya rasa ƙafa da hannu, ƙaramin ya rasa ilahirin jikinsa. Idan muka kwatanta da Ganɗoki na Bello Kagara, inda tauraro ke tarwatsa runduna yana kirari, za mu ga cewa a nan kowace bajinta sai an biya farashinta. Jigon shi ne sakamakon ƙetare iyakar ɗan'adam.

Binciken Asiri

Monster na Naoki Urasawa (1994-2001, juzu'i 18) ya ginu kan Likita Kenzo Tenma, Bajapane mai aiki a birnin Dusaldof na Jamus. Ya zaɓi ceto ran wani yaro maimakon magajin gari, saboda yaron aka fara kawowa. Bayan shekaru sai ta bayyana cewa yaron ya zama makashi. Ƙarfin littafin ba ya ga gano mai laifi, domin mai karatu ya san shi tun da wuri. Yana ga tambayar da ke cin zuciyar likitan: shin rayuka duka daraja ɗaya gare su? Sai dai littafi ne na manya, saboda kashe-kashen da ke ciki.

Barkwanci

A nan Yotsuba&! na Kiyohiko Azuma, wanda ya fara fitowa a 2003, shi ne zaɓinmu. Tauraruwarsa yarinya ce 'yar shekara 5 da ke mamakin abubuwan yau da kullum, kamar lilo da na'urar sanyaya ɗaki. Raharsa ta sha bamban da ta Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke haƙa wa juna rami. Ba a muzanta kowa. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin fahimtar yaro da ta babba, kuma sau da yawa zanen fuska kaɗai ke isar da ita ba tare da kalma ba.

Naɗewa

Ba mu ce duk manga zinariya ba ne. Akwai masu tsiraici, akwai masu jan labari ba gaira ba dalili, kuma wajibi ne iyaye da malamai su duba kafin su miƙa wa yaro. Amma hani kaɗai ba ya maganin ƙishirwa. Abin da ya fi damunmu shi ne, matashin nan na Wuse da Turanci yake karanta waɗannan labarai, alhali Gizo da Ƙoƙi da Iliya Ɗan Maiƙarfi suna nan suna jiran mai zana su. Gasar 1933 ta haifar mana da ƙagaggen labari a rubutun boko, domin an samu waɗanda suka gwada sabon zubi. Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu alƙalami su nemi abokansu masu zane, su karanta waɗannan littattafai uku da idon mai koyon sana'a, sannan su gwada nasu da Hausa.