Jinjina ga Masu Gyaran Ƙarin Kayan Blender

Duk mai sassaƙa siffofi a manhajar Blender ya san ranar da sigar 2.80 ta fito a 2019. Tsarin Python ɗinta ya sauya, ƙarin kayan aikin da muka saba da su suka daina tashi. Ka girka, ka kunna, sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta.

'Yan sa-kai ne suka zauna suka bi layi-layi, suna sauya tsofaffin sunaye, suna gwadawa, suna amsa ƙorafin mutanen da ko godiya ba sa yi. Wani ma bayan ya tashi daga aikin ofis yake yi, cikin dare. Yawancinsu ko sisi ba a biya su ba.