Bayanau na Lokaci da na Wuri a Ingilishi: Nazari kan Koyar da Su ta Bakin Faransanci a Jahar Maraɗi

Gabatarwa

Ɗalibin kwaleji a Aguié, Gazawa ko Gidan Rumji yana fara Ingilishi ne a ajin farko na sakandare, bayan ya yi firamare da Faransanci, alhali Hausa yake yi a gida da kasuwa. A bisa al'ada, Faransanci ake bi a fassara masa bayanau na Ingilishi. Wannan takarda tana sukar wannan hanya. Batun ya ƙara nauyi tun 2025, lokacin da Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

1. Bayanau na lokaci

Kalmar Faransanci "encore" tana ɗauke da ma'anoni uku waɗanda Ingilishi ya rarrabe: "still", "again", da kuma "yet" a jimlar korewa. Ɗalibin da aka ba shi kalma ɗaya a madadin uku zai iya rubuta "He is again ill" yana nufin ciwon bai rabu da mutumin ba. Hausa kuwa ta yi wannan rarrabewa tun asali:

(1) Har yanzu yana nan. "He is still here."
(2) Ya sake zuwa. "He came again."
(3) Bai zo ba tukuna. "He has not come yet."

Haka abin yake game da "ago". Faransanci yana gabatar da "il y a" kafin adadin, amma Ingilishi da Hausa duka suna jinkirtawa: "two years ago", shekara biyu da suka wuce. Bugu da ƙari, kamannin rubutu kan yaudari ɗalibi: "actually" ba ya nufin "actuellement", wato yanzu, kuma "eventually" yana nufin daga ƙarshe, ba "éventuellement" ba.

2. Bayanau na wuri

A nan matsalar ta juya, domin Hausa ta fi Ingilishi yawan rabe-rabe. Kamar yadda Jaggar da Buba suka nuna a 1994, karin sauti yana raba kalmomi huɗu: nân, kusa da mai magana, nan, kusa da mai saurare, cân, nesa da su biyun, can, nesa ƙwarai. Ingilishi yana da "here" da "there" kaɗai. Don haka nan mai karin sama "there" ce, ba "here" ba. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, malamin da ya rubuta nan a allo ya ce "here" ce, rabin gaskiya ya faɗa. Faransanci ba ya warware wannan, domin a maganar baka "là" kan maye gurbin "ici".

3. Iyakar wannan hujja

Ba a ce Hausa ta dace da Ingilishi a ko'ina ba. "Already" bayanau ne, amma takwaransa riga aikatau ne mai ɗaukar lamirin suna: ya riga ya tafi. Ɗazu, jibi, gata da baɗi ba su da takwara na kalma ɗaya a Ingilishi. Sannan a ajujuwan akwai ƴaƴan Fulani da Buzaye, kuma ba kowane malami ne ya karanci nahawun Hausa ba.

Kammalawa

Abin da muke suka shi ne mayar da Faransanci ƙofa ɗaya tilo. Inda Hausa ta raba abin da Faransanci ya haɗe, kamata ya yi a fara da ita. Inda ta fi Ingilishi rabe-rabe, a nuna wa ɗalibi bambancin a fili. Muna kira ga ɗaliban digiri na biyu su tattara rubuce-rubucen ƴan makaranta na waɗannan gundumomi uku, a auna wace hanya ce ta fi rage kuskure.